Tunani Ba Ya Neman Izini Kafin Ya Zo: Tambayoyi Da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan tasowa in an zauna shan shayi da dare a Garwa ko Marwa, wasu daga yaranmu ƴan ajin tarminal, ajin ƙarshe na sakandare, da suka fara darasin filo wato falsafa kansu ya ɗau zafi, wasu kuma daga manya waɗanda wasiwasi ya dame su amma kunya ta hana su faɗa sai in an keɓe. Na haɗa su wuri guda don maganar tana damuna sosai, ina ganin mutanen kirki suna azabtar da kansu a kan abin da ba su suka kawo shi ba, ina kuma ganin wasu suna ɗaga kai a kan abin da ba su suka ƙera shi ba.

Wai me ake nufi da cewa tunani ba ya hannun mutum? Ai ni nake yin tunanina.

Toh ɗan'uwa gwada wannan yanzu yanzu. Faɗa min tunanin da zai zo maka nan da minti ɗaya. Ba za ka iya ba, don in har ka iya faɗinsa to ya riga ya zo kenan. Kafin ka zaɓi abu sai ka gan shi tukuna, shi kuwa tunani ganinsa shi ne zuwansa, babu wani lokaci a tsakani da za ka ce wannan ya shigo wancan ya jira.

Kowa ya san wannan a jikinsa. Ka haɗu da wanda kuka yi lekol wato makarantar boko tare, kun gaisa har da tafawa, amma sunansa ya ɓace maka sam, ka yi ta matsa kanka bai zo ba, sai can da la'asar kana bayan kilando, babur ɗin haya, kuna haye gadar Binuwai hankalinka na kan kuɗin haya, kawai sai sunan ya faɗo. Lokacin da ka so shi bai zo ba, lokacin da ka bar shi ya zo. Ba wai ina cewa ba ka da hannu ko kaɗan ba ne fa. Kana iya zama ka ce bari in yi lissafin kayan shago, ka tattara hankalinka a kai, wannan kam aikinka ne. Amma ko a nan kai dai tambaya ka ajiye ka tsare ta, amsar ita ke zuwa in ta ga dama.

Akwai wanda ya taɓa auna wannan, ko zance ne kawai?

An auna. A 2010 wasu masu bincike biyu na jami'ar Harvard a Amurka, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun yi amfani da wayar hannu suna aika wa mutum 2,250 tambaya a lokuta daban daban ba tare da sanarwa ba, me kake yi yanzu, kuma hankalinka na kan abin da kake yi ko ya tafi wani wuri. Kusan kashi 47 cikin 100 na amsoshin hankali ya tafi wani wurin. Kaga kusan rabin lokacin da mutum ke farke kenan. Kafin nan a 2001 Marcus Raichle da abokan aikinsa sun nuna da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa cewa akwai wasu sassa da aikinsu ke ƙaruwa daidai lokacin da mutum yake zaune ba ya yin komai. Ƙwaƙwalwa ba ta zama shiru don ka ba ta hutu, saƙe-saƙenta take ci gaba da yi.

Me ya sa in na ce ba zan ƙara tuna wani abu ba, sai ya ƙara dawowa da ƙarfi?

Wannan ita ce ta fi wahalar da mutane, mai son ya manta da wadda ta ƙi shi, mai son ya daina tuna asarar da ya yi a kasuwa. A 1987 Daniel Wegner ya sa mutane a ɗaki ya ce na minti 5 kada su yi tunanin farar dabbar beyar, irin ta ƙasashen ƙanƙara, duk sanda ta faɗo musu a rai su buga ƙararrawa. Suka yi ta bugawa. Da aka zo aka sake su aka ce yanzu ku tuna ta son ranku, sai waɗanda aka fara hanawa suka fi waɗanda ba a hana ba yawan tuna ta. Bayanin da ya bayar shi ne, in ka hana kanka tunanin abu to dole wani ɓangare na hankalinka ya riƙa leƙawa yana duba ko abin ya dawo, kuma duk leƙawar nan tuna shi ne. Shi ya sa ni ba na ce wa mutum "cire shi daga ranka", ba ya ciruwa da ja. Abin da na ga yana taimako shi ne ka bar shi ya zo ya same ka kana wani aiki, kada ka tsaya masa gardama, kada ka gudu, ka ci gaba da abin da ke hannunka.

Mugun tunani yana zuwa min, har a kan Allah da addini, abin da ko a mafarki ba zan iya furtawa ba. Na yi zunubi? Imanina ya tafi?

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, ku kwantar da hankalinku, wallahi ba ku kaɗai ba ne kuma ba a kanku aka fara ba. Imam Muslim ya ruwaito cewa da wata aya daga ƙarshen Baƙara ta sauka, ta 284, mai cewa ko kun bayyana abin da ke zukatanku ko kun ɓoye Allah zai yi muku hisabi a kai, abin ya yi wa sahabbai nauyi ƙwarai, suka je wajen Annabi (SAW) suka durƙusa suka ce an ɗora mana salla da azumi da jihadi da sadaka mun iya, amma wannan ba za mu iya ba. Ya umarce su su ce mun ji mun bi, suka faɗa, sannan aya ta 286 ta sauka cewa Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Duba fa, mutanen da suka fi mu imani nesa ba kusa ba, su da bakinsu suka ce tsare abin da ke faɗowa a zuci ya fi ƙarfinsu.

Akwai kuma hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukatansu suka raya musu matuƙar ba su aikata ba ko ba su furta ba. Wani hadisin a Muslim, wasu sahabbai sun zo sun ce muna jin abu a ranmu wanda ɗayanmu ke jin girman ya faɗe shi, Annabi (SAW) ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani, malamai suka ce ana nufin ƙyamar da suka ji da tsoron furtawar. Wato ciwon da kake ji ɗin nan shi ne shaidar cewa abin ba ra'ayinka ba ne, wanda ya yarda da abu ai ba ya kwana yana kuka a kansa.

Malamai sun jera abin hawa hawa, akwai wanda ke gilmawa kamar walƙiya, akwai wanda ke ɗan tsayawa, akwai zancen zuci da mutum ke ta saƙawa yana warwarewa, sai himma wato ya fara karkata ga yi, sai azama wato ya ƙulla niyya ya yanke. Na farkon nan ba a kama mutum da su. Hisabi yana tsayuwa ne a inda aka ƙulla. Har ma hadisin Ibn Abbas ya ce wanda ya yi nufin mummunan aiki sannan bai aikata ba ana rubuta masa lada cikakke. Toh ina dalilin da bawan Allah zai daina zuwa masallaci don yana ganin kansa ƙazami?

Kuma ba Musulmi kaɗai ba, wani bincike da Adam Radomsky ya jagoranta a 2014 ya tambayi ɗalibai 777 a ƙasashe 13, kusan kashi 94 cikin 100 suka ce a watanni 3 da suka wuce sun sami irin wannan tunani mai kutse wanda ba su so ba. Abin ɗan Adam ne.

Da na ɗaura niyyar salla sai duk lissafin duniya ya taso. Yaya zan yi?

Hadisi ya ambaci wannan sarai, shaiɗan yana zuwa wa mai salla yana ce masa tuna kaza tuna kaza, abubuwan da da bai tuna ba, har ya rasa raka'a nawa ya yi. Shi ya sa ma aka shar'anta ƙabli da ba'adi, da hankali na tsayuwa inda aka ajiye shi da ba a buƙace su ba. Mu nan da muka tashi da Ahalari da Risala a makarantar zaure mun karanta hukuncin wanda shakka ta aure shi kullum, an ce ya yi watsi da shakkar, kada ya sake kawo abin da yake kokwanto a kai, ya dai yi sujjada bayan sallama. Ka ga hikima a nan, malaman fiƙihu tun ɗaruruwan shekaru sun gane cewa biye wa wasiwasi ƙara masa ƙarfi yake. Aikinka duk sanda ka farga hankali ya tafi ka dawo da shi kan karatun, ko sau nawa ne, dawowar ita ce taka.

To daga ina tunanin yake fitowa, shaiɗan ne, mala'ika ne, ko ƙwaƙwalwa?

Ni ban ga karo a tsakanin waɗannan amsoshin ba. Akwai hadisin Ibn Mas'ud a Tirmizi cewa shaiɗan yana da tasa shafar ga ɗan Adam mala'ika ma yana da tasa, kuma Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a Ihya'u kan yadda abubuwa ke ta kwarara cikin zuciya ta ƙofofin ji da gani da kuma ta cikin mutum kansa, sha'awarsa da fushinsa. Likitan ƙwaƙwalwa shi yana maka bayanin hanyar da abin ke bi ne a jiki. Ko ta wace fuska ka duba, duka sun haɗu a kan cewa ba kai ka kira shi ba.

Sai dai a nan akwai abin da nake so matasa su riƙe. Tunani ba ya zuwa daga babu. Ku dubi masakwa, dawar rani, da ake dasawa a ƙasar karal mai laka ta wajen Marwa bayan ruwa ya ɗauke, wajen watan 10, ta girma cikin rani ba ɗigon ruwan sama har a girbe ta wajen watan 2, baƙo sai ya ce daga ina take sha, alhali ruwan daminar da ya wuce ne laka ta shanye ta riƙe a ƙasa. Abin da ka ji, ka kalla, ka karanta, mutanen da ka zauna da su watannin baya, shi ne ke fitowa yau ba tare da ka kira shi ba. Ba ka da iko da abin da zai tsiro yau da safe, amma ka yi iko da abin da ka bari ya jiƙa ka a baya, kuma kana da iko da na yau wanda zai fito gobe.

In haka ne, kenan dabara mai kyau da ta zo min ba tawa ba ce?

Zuwanta kyauta ce, wahalar da ke gabanta da bayanta ita ce taka. Henri Poincaré, babban masanin lissafi na Faransa, ya ba da labari da kansa cewa ya yi makonni yana fama da wata matsala, ya ajiye ta ya yi tafiya, yana sa ƙafa zai hau keken dokin haya a garin Coutances amsar ta faɗo masa cif, yana cikin hira da wani ma. Amma me ya sa ba ta faɗo wa sauran fasinjojin ba? Don shi ne ya yi makonnin nan. Kuma da ya koma gida sai da ya zauna ya tabbatar da ita a takarda.

Ba sai mun je Turai ba ma. Sarki Ibrahim Njoya na Fumban, nan cikin Kamaru, wajen 1896 ya ƙirƙiro wa Bamun rubutunsu, kuma labarin da aka riƙe shi ne a mafarki aka nuna masa. Rubutun farko alamominsa sun kai wajen 500, ya yi ta gyara yana ragewa shekara da shekaru har suka dawo 80 wajen 1910, ya buɗe makarantu aka koyar, aka rubuta tarihin masarauta da shi. Mafarkin dare ɗaya ne, aikin ya ci fiye da shekara 10. Ni wannan nake gaya wa yaran da ke zuwa min da "ina da wata idea babba", madalla, gode wa Allah da ya kawo ta, amma ba ta zama abin alfaharinka ba tukuna sai ka yi mata gumi.

Barci ma yana da hannu. A 2004 a Lübeck ta Jamus an ba mutane wani aikin lissafi mai ɓoyayyiyar gajeriyar hanya, waɗanda suka yi barcin dare kafin su sake gwadawa sun ninka waɗanda ba su yi ba fiye da sau 2 wajen gano ta. Ƴan bak, jarrabawar gama sakandare, masu kwana biyu ba runtsawa da nescafe, ku ji wannan.

Na yi tunanin wata sana'a, ban gaya wa kowa ba, sai ga wani ya buɗe irinta. Sata ce ko asiri?

Yawanci ba ko ɗaya. Ku biyun kuna gari ɗaya, wuta na ɗaukewa a unguwarku duka, kowa na neman inda zai yi cajin waya, faranti mai aiki da rana ya yi araha a kasuwa, toh me zai hana dabarar ta faɗo muku ku biyu? Haka yake har a manyan abubuwa. Newton a Ingila da Leibniz a Jamus kowa ya gano lissafin kalkulas a nasa ɓangaren, Leibniz ya fara bugawa a 1684, magoya bayansu suka yi shekaru suna zargin juna. Darwin da Wallace an karanta takardunsu kan yadda halittu ke sauyawa rana ɗaya a Landan a 1858. Alexander Graham Bell da Elisha Gray takardunsu kan tarho sun shiga ofishin rajista rana ɗaya, 14 ga Fabrairu 1876. A 1922 wasu masu bincike, Ogburn da Thomas, sun jera irin wannan har guda 148. In lokacin abu ya yi kayan haɗinsa sun hallara, ba kai ɗaya yake faɗawa ba.

Doka ma haka ta ɗauka. Hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda Kamaru da Cadi duk suna cikin ƙasashenta 17, abin da ka ƙera ko tambarin kasuwancinka take yi wa rajista, ba tunanin da ke cikin kanka ba. Don Allah kada a ɓata zumunci da maƙwabci a kan wannan.

Malamin filo ya ce wai Aflatun, masanin falsafar Girka na dā, yana ganin ra'ayoyi suna nan ko da babu mutane. Wannan ba tatsuniya ba ce?

Ba sai ka yarda da duk abin da Aflatun ya ce ba, amma akwai gaskiya a ciki da ba ta kauce wa. Raba abu biyu. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya koma 100, iyayenmu sun kwana da kuɗi sun tashi da rabinsa a kan kayan waje. Wannan mutane ne suka zauna suka yanke, don darajar kuɗi yarjejeniya ce. Toh yanzu a tara shugabannin duniya kaf su sa hannu cewa daga yau 7 za ta rabu gida 2 daidai ba saura. Ba za ta rabu ba. Magini a Kusiri da ke son kusurwar ɗaki ta miƙe yana auna 3 nan, 4 can, in tsakaninsu ya ba shi 5 ya san ta yi, ko bai taɓa jin sunan Pythagoras, masanin Girka da ake jingina wa wannan ƙa'idar, ba, kuma mutanen Babila sun san wannan fiye da shekara 1,000 kafin a haifi Pythagoras ɗin. Ba wanda ya ƙirƙire shi, tarar da shi aka yi. A ina irin wannan gaskiyar take zaune, nan ne masana falsafa ke ta jayayya har gobe, mumini kuwa zai ce tana cikin ilimin Allah tun azal. Abin da ya shafe ni da kai shi ne son ranka ba ya mai da ƙarya gaskiya, ko ka so lissafin ribar shagonka ya fita in bai fita ba bai fita ba.

Kenan ba mu da zaɓi ko kaɗan, an gama komai a ƙwaƙwalwa kafin mu sani?

Masu faɗin haka gwajin Benjamin Libet na 1983 suke kawowa, inda ya ga motsi a ƙwaƙwalwa kusan rabin daƙiƙa kafin mutum ya motsa hannu, alhali mutumin ya ji niyyar ne kamar kashi 1 cikin 5 na daƙiƙa kafin motsin. Gwajin gaskiya ne, amma a ganina an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Motsa hannu ba dalili daban, yanke shawarar aure ko barin bashi ko mayar da kuɗin da aka manta a shagonka bayan ka kwana kana juya abin daban. Shi kansa Libet ya ce mutum na da damar hana motsin a ɗan lokacin da ya rage, kuma masu bincike na baya, irin su Aaron Schurger a 2012, sun kawo wata fassarar ta daban ga wancan motsin ƙwaƙwalwar. Tunanin ka zagi wanda ya taka ka a kasuwa zai zo, bakinka kuwa kai ke buɗe shi.

Wani zai iya saka min tunani a kai?

Sosai ma, kuma ba sai da laya ba. A Janairu 2012 Facebook ya canza abin da mutum 689,003 ke gani na mako guda, wasu aka rage musu labarai masu daɗi wasu aka rage musu marasa daɗi, aka ga abin da su kansu ke rubutawa ya ɗan karkata ya bi abin da aka nuna musu, an buga sakamakon a 2014. Tasirin ƙarami ne amma mako ɗaya ne kawai fa. Yanzu ka lissafa yaron da ke kwana da TikTok ya tashi da shi. Saƙon murya na WhatsApp da ke zagin wata ƙabila ko wani addini, ko ka ce kai ba ka yarda ba kana saurare ne kawai, ranar da rigima ta tashi a unguwa shi ne zai fara faɗo maka.

Yaushe abin ya wuce na kowa da kowa ya zama ciwo?

In tunanin yana cinye maka awa guda ko fiye kullum, kana maimaita alwala har lokacin salla ya fita, kana wanke hannu har fata ta tsage, kana komawa duba ƙofar shago kana sake komawa, to akwai ciwo sananne da likitoci ke kira OCD, a asibitocinmu masu Faransanci za ka ji an ce TOC, yana kama kamar mutum 2 cikin 100 a rayuwarsu, kuma yana da magani, akwai na sha akwai na zama da likita yana koya maka yadda za ka fuskanci tunanin ba tare da ka yi maimaicin ba. Mai jego da tunanin cutar da jaririnta ke faɗo wa tana firgita tana kuka, wannan yana faruwa da mata da yawa, kada a ce mata mayya ko mai aljanu, a raka ta wajen ungozoma ko likita ta faɗa. Amma in mutum yana jin murya daga waje tana ba shi umarni, ko ya daina barci kwanaki yana surutai, ko tunanin kashe kansa ya kai ga ya fara shirya yadda zai yi, wannan ba a jira, a kai shi babban asibiti ranar nan, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari na auduga da wuƙa da igiya daga inda yake. Addu'a da ruƙiyya a yi, ba su hana ganin likita. Tramol kuwa da wasu ƴan kilando ke sha wai don kai ya yi shiru, yana iya jawo farfaɗiya kuma yana kama mutum, in ya sake shi tunanin na nan inda yake, sai a gaya wa likita gaskiyar adadin da ake sha don ya san yadda zai rage shi a hankali.